Ranar da Na Tuɓe 'Yan Ƙwallon Darakta

Abubuwa da yawa sun same ni a aikin gwamnati waɗanda yanzu sai an tuna min nake tunawa. Amma ranar Alhamis ɗin da na tuɓe ƙarti ashirin da biyu a gaban kwamitin faɗakarwa, ita kam ko tsufa ya kai ni ga manta sunayen jikokina ba za ta fita daga kaina ba. Kada mai karatu ya zabura, ba mutane ba ne masu jini a jika. Sai dai kunyar da na sha ta gaske ce, haka ma abin da ya biyo bayanta.

Ni mutumin Ringim ne. Bayan an ƙirƙiro jiha aka kwaso mu daga Kano aka zube a Dutse, na kama ɗaki ɗaya a Takur, ina aikin buga takardu da tafireta a sashen kula da dabbobi na wata ma'aikata. Ana nan sai aka kawo wa sashenmu kwamfuta, guda ɗaya tal. Kai, ranar kamar an kawo amarya. Aka ware mata ɗaki, aka shimfiɗa mata kafet, aka sa mata esi, alhali mu 'yan Adam muna can muna fifita da fayil. Aka sa tela ya ɗinka mata riga har da aiki a wuya. Ba a shiga wurinta da takalmi, domin wai ƙurar takalmi ce ke sa mata cuta. Da yake ni ne na saba da madannai, sai aka tura ni kwas na mako shida a Kano. Na dawo da takardar shaida mai zanen zinare a gefe, masinjanmu, wani dattijo da kowa ke ce wa Baba, ya dube ta ya ce, "Ai yanzu ka zama Injiniya." Shi ke nan suna ya bi ni. Ni kuma ban musa ba, don gaskiya ya yi min daɗi.

Abin da na iya bai wuce kunnawa da kashewa da buga wasiƙa ba. Amma na lura da abu ɗaya a wannan ofis, ba a ce wa babba "ban sani ba". Ko me aka tambaye ka sai ka gyara tsayuwa ka ce "za a duba, ranka ya daɗe". Da wannan kalma na yi shekaru ina shan esi.

Daraktanmu Bafulatani ne, dogo, siriri, daga wajen Miga iyayensa suke, kuma har lokacin yana da garke a can. Ban taɓa ganin haƙoransa ba. In ya ratso baranda har masu shayi sukan rage murya. Amma kullum bayan azahar sai ya cire takalmi ya shigo ɗakin kwamfuta, ya ce in murɗa mukulli, wai zai duba bayanai. Bayanan nan kuwa wasan ƙwallon ƙafa ne, wanda ɗan kwangilar da ya kawo kwamfutar ya bari a ciki. Ni na koya masa madannan, cikin wata biyu ya fi ni iyawa nesa ba kusa ba. Shi ya sa ni na canza wa wasan suna a kan allo, na rubuta "Ƙididdigar Shanu", don ko wani ya leƙo ya ga aiki ake yi. Duk ma'aikata sun san Darakta ba ya wasa da ƙididdigar shanu, har ana yaba masa a taro.

Akwai kuma wata takarda da ya sa na buga masa tun da daɗewa, takardar canjin wurin aiki zuwa ofishinmu na Miga, inda babu wutar lantarki ballantana esi. Wurin suna ya ce in bar shi fili, in jera ɗigo-ɗigo. Ina bugawa yana tsaye a kaina, ya leƙa ya ce, "Ƙara ɗigo huɗu." Na ƙara. Ya sa hannu, ya jefa ta cikin aljihun tebur. Kowa a sashen ya san da takardar nan. Ni a raina na riga na gama yanke cewa ta mai kula da sito ce, har ina tausaya masa.

Shekaru suka tafi a haka, har aka shigo lokacin ƙaddamar da shari'a. A daidai wannan lokaci aka sake ba da kwangilar kwamfutoci. Aka ɗauke tsohuwarmu aka kai sito, daga sito kuma ba wanda ya sake jin labarinta. Aka kawo sabuwa fara sol, mai sauri. Na riga na kwafe wasan, don haka hankalina kwance. Ranar Litinin bayan azahar Darakta ya cire takalmi, ya zauna, ya naɗe hannun riga, ya danna Ƙididdigar Shanu. Allo ya yi ƙifta ɗaya, ya fito da wani ɗan akwati mai rubutun Turanci, ya koma inda yake. Ya sake dannawa, haka. Sau biyar.

"Injiniya, mene ne wannan?"

"Za a duba, ranka ya daɗe."

Ya warware hannun rigarsa. Ya tashi ya fita, can sai ga shi ya dawo da takardar Miga. Ya shimfiɗa ta a kan teburina, ya ɗora mata abin huda takarda don kada iskar esi ta ɗauke ta. Ya ce, "Alhamis ta sama zan dawo duba bayanai." Ya sa takalminsa ya tafi. Na zauna ni da takardar muna kallon juna, sanyin esi yana busa ni amma gumi nake.

Kwana huɗu na yi ina abin da na iya, wato kashewa da kunnawa. Na cire mata riga, na mayar mata. Baba masinja ya ce ƙila baƙunta ce, a ba ta lokaci ta saba da ɗakin. Da na ga ba sauƙi, ranar Asabar na hau mota sai Kano, wurin wani da muka yi kwas tare, wanda ya buɗe gidan intanet. Ko a gabansa sai da na yi ta kewaye-kewaye, wai wani abokina ne ke da matsala. Ya yi dariya ya ce, "To ka faɗa wa abokin naka, wasan ba shi da laifi, kwamfutar ma ba ta da laifi. Akwai wani kati a cikin kowace kwamfuta da ke zana hoton da kake gani. Wasanku tsoho ne, da yaren tsohon kati kaɗai ya iya magana. Sabon katin kuma bai taɓa jin wannan yare ba. Tafinta za a sa musu a tsakani."

Muka zauna muna jiran intanet ta sauko da tafintan nan, wata 'yar ƙaramar manhaja, tun hantsi har aka kira azahar, layi yana yankewa ana sakewa. Ya zuba min ita a faifan fulofi, ya nuna min yadda zan ajiye ta kusa da wasan. Sannan ya buɗe wani shafi da ke tare da ita, mai layuka kusan ashirin, kowane da kalmar Turanci da lamba a gabansa. Ya ce, "Nan ne ake daidaita shi. Amma don Allah ka ji ni da kyau. Layi ɗaya za ka taɓa, ka gwada, ka rubuta abin da ka gani. In bai yi ba ka mayar da shi yadda yake kafin ka taɓa wani." Na ce haba, ai ba sai ka faɗa ba. Injiniya guda ake ce wa ya riƙa rubutu kamar ɗan firamare? Ko biro ban ciro ba.

Ranar Litinin na sa tafinta, na danna. Sai ga ihun 'yan kallo ya cika ɗaki, har da busar alƙalin wasa. Na yi tsalle. Amma allo baƙi ƙirin, ana ta buga ƙwallo a cikin duhu. Na buɗe shafin nan na canza layi uku a tare. Hoto ya fito, sai dai filin ya koma shuɗi mai ja-ja, kalar da ko a kanti ban taɓa ganin irinta ba. Na canza wasu huɗu. Yanzu 'yan wasan suka kama gudu kamar an sako musu zuma, kafin ka ɗaga yatsa an tafi hutun rabin lokaci. Na sake taɓa wasu. Ƙwallon ta ɓace, ƙarti suna ta bin abin da ba a gani. Talata da Laraba duk a haka suka ƙare. Zuwa lokacin ko da wuƙa aka ɗora min a wuya ba zan iya faɗin layin da na taɓa da wanda ban taɓa ba. Kullum da safe Darakta yakan leƙo daga bakin ƙofa, ba ya duban allo, takardar kawai yake duba ya ga ko tana nan.

Ranar Alhamis da safe, cikin fitar rai, na ga wani layi a can ƙasa da ban tuna na taɓa shi ba, na kashe shi. Na danna. Allahu Akbar! Fili kore shar, ƙwallo fara tana nan, gudu daidai wa daida. A farkon wasan akwai wurin da ake nuno 'yan wasa kusa-kusa sun yi sahu, amma ni kullum tsallake shi nake yi don sauri. Daga sama ake hango fili, mutanen ƙanana kamar tururuwa. Na dai lura duk kalarsu ɗaya, ba a bambance ƙungiya da ƙungiya, sai na ce hasken allo ne, a bar shi. Minti ɗaya na kalla na kashe. Na sa takalmi, na je ofishin Darakta na ƙame na ce, "An gama, ranka ya daɗe." Ya ɗago ya dube ni, ya gyaɗa kai sau ɗaya. A wurinsa wannan rungumar mutum ce.

Ƙarfe sha ɗaya sai ga baƙi. A lokacin akwai wani kwamiti na dattawan gari da ke zagaya ofisoshi yana yi wa ma'aikata nasiha kan riƙon amana da tsayar da salla. Kuma jita-jita ta cika gari cewa kwamfutocin nan da hotunan banza a cikinsu ake kawo su daga ƙasar waje. Su biyar suka zo. Shugabansu wani tsohon malami ne mai farin gemu, ɗan gajere, mai magana a hankali, wanda ya yi shekaru yana rubutu a kotu kafin ya yi ritaya ya koma ga shanunsa. Sai wani matashi a cikinsu mai zafin kai, riƙe da babban littafin rahoto, wanda tun daga ƙofa yake kallon kwamfutar kamar ta ci masa bashi a wata rayuwar.

Darakta da kansa ya jagorance su, ƙirji a gaba. Suka cire takalma, abin da ya burge Malam ƙwarai. Na cire wa kwamfuta riga na kunna. Na nuna musu wasiƙu, na nuna musu jadawalin allurar rigakafi. Komai tsaf. Har sun juya za su fita, sai Malam ya matso da fuskarsa kusa da allo, ya bi rubutun da yatsa.

"Ƙididdigar Shanu," ya karanta. Fuskarsa ta washe. "Masha Allah. Ashe har da namu a ciki. Yaro, buɗe mana mu ga shanun ƙasar Miga."

Na dubi Darakta. Darakta ya dubi silin.

"Allah gafarta Malam, ai bayanan ba su gama..."

"Ba komai, ko rabi ne mu gani."

Na danna. Ihun 'yan kallo ya tashi, ɗaya daga cikin dattawan ya ja da baya har ya taka ƙafar Baba masinja. Don ruɗewa na manta ban tsallake farkon ba. Sai ga su an nuno su kusa-kusa, ɗaya bayan ɗaya, ƙarti ashirin da biyu sun yi sahu, hannu a ƙirji, kai a sama. Ba riga. Ba wando. Ba safa, ba takalmi, ko gashin kai babu. Jiki sumul, kalar fata tun daga sama har ƙasa, suna sheƙi kamar an shafe su da man gyaɗa. Na'urar kuma ba ta gaggawa, sai da ta bi kowa daga ƙafa zuwa ka.

"A'uzu billahi!" in ji matashin nan, ya kare fuskarsa da littafin rahoto, amma ta saman littafin yana leƙe. "Ga shi nan! Abin da ake faɗa ke nan! A kayan gwamnati!"

Wani dattijo ya gyara tabarau ya ce shi dai a ganinsa ba a kira wannan tsiraici ba, tunda ba abin da za a rufe, mutanen kamar taɓare suke. Matashin ya ce niyya ake dubawa. Dattijon ya ce niyyar wa, ta taɓaren? Gardama ta kaure. Ni ina zaune, ji nake da ƙasa za ta tsage da na gode mata.

Sai muryar Darakta ta fito, a sanyaye, irin wadda yake karanta takardar tuhuma da ita. "Injiniya, mene ne wannan? Ni tunda nake ban taɓa ganin wannan abu ba."

Wallahi har yau in na tuna sai raina ya sosu. Shekara nawa ina murɗa masa mukulli. Na buɗe baki in ce za a duba, sai na ga matashin ya buɗe littafi ya cire murfin biro, ga kuma takardar Miga a gefen gwiwar hannuna. Malam ya ɗaga hannu, kowa ya yi shiru. Ya jawo kujera ya zauna kusa da ni.

"Yaro, da can mutanen nan suna da sutura?"

"Suna da ita, Allah gafarta Malam."

"Wa ya tuɓe su?"

"Ni ne."

"Ta yaya?"

Kalmar da na yi shekaru ina gudu ita ta rage min. Na ce, "Ban sani ba."

Na zata nan za a kama ni. Sai na ga tsohon ya yi murmushi. Ya ce, "Madalla, yanzu muka fara magana. Wanda ya tuɓe mutum shi zai suturta shi. Rufe littafin nan tukuna," ya ce da matashin. "In ya mayar musu da kayansu kafin la'asar, kuskure ne. In ya kasa, sai ka rubuta." Sannan ya ce in ba shi labari tun daga farko. Na faɗa masa zancen tsohon yare da sabon kati da tafinta, na nuna masa shafin layukan. Ya tambaye ni wanne na taɓa. Na ce kusan duka. Ya tambaya a ina na rubuta. Na sunkuyar da kai.

"Ashsha," ya ce. "Kai ba ka taɓa kiwo ba, ko? In saniya ta kumbura, ba ka canza mata makiyaya da mashaya da kanwa duk rana ɗaya. In ta warke ba ka san me ya warkar da ita ba, in ta mutu ba ka san me ya kashe ta ba. Yadda aka ba ka abin nan tun farko, yana nan?"

"Yana cikin fulofi."

"Mayar da shi yadda yake, mu faro daga fari."

Ya zaro biro daga cikin hularsa, ya karɓi farar takarda a hannun Baba masinja. Mutumin da ko linzamin kwamfuta bai taɓa riƙewa ba, shi ya zama injiniya, ni na koma ɗan aike. Na mayar da shafin asali, allo ya koma baƙi, ihu yana tashi. Ya ce, "Layi na ɗaya." Na canza, na gwada, ba abin da ya sauya. Ya rubuta da ajami, ya ce in mayar. Layi na biyu, haka. A na uku hoto ya fito da filin nan shuɗi mai ja-ja. Hannuna ya zabura zai taɓa wasu biyu, ya buge min shi da biro. "Ɗaya," ya ce. Aka kira azahar muka je muka yi salla, muka dawo muka ɗora daga inda takardarsa ta tsaya. Darakta yana tsaye jikin bango tun ɗazu, ya harɗe hannu, yana nuna shi baƙo ne a wannan harka.

A layi na shida gudun ya daidaita. A na tara, wanda ke faɗa wa tafinta yawan launukan da zai yi aiki da su, na sauya lamba ɗaya tak. Fili ya koma kore, har da ratsi-ratsin ciyawa da farin layi. Malam ya ce kada in tsallake farkon. Aka nuno sahu. Ga su nan, jar riga da farin wando a hagu, shuɗiya a dama, lamba a baya, safa har gwiwa, har da mai gashin baki. Baba masinja ya yi kabbara da ƙarfi. A nan na gane abin da na aikata. Layin can na ƙasa da na kashe da safe shi ne mai ɗora zane a kan komai. Na kashe shi, mummunar kalar fili ta tafi, ta tafi da rigunan mutane.

Malam ya duba takardarsa ya ce, "Ka ga, ciwon a layi na tara yake, kai kuma ka je ka yanke na goma sha bakwai. Har ciyawar ma ashe aske ta ka yi."

Matashin bai haƙura ba, ya ce ai wandunan ba su rufe gwiwa ba. Malam ya tambaye ni ko akwai layin ƙara tsawon wando. Wannan karon ban ko yi jinkiri ba, na ce ban sani ba, amma ban zata ba. Ya ce to wannan sai a kai ƙara wurin telansu. Dattawa suka yi dariya, matashin ya mayar da murfin biro. Na sauke ajiyar zuciya, na ce a raina na tsira.

Da ma a nan aka tsaya. Amma Malam mutum ne mai son tabbatarwa. Ya ce, "Sa su su yi gudu mu gani, kada kayan su sake zubewa a hanya."

Na fara wasa. Ga gajiya, ga idanu goma sha huɗu a kaina. Kafin minti biyu an zura min ɗaya. Na ji an yi tsaki a bayana. Aka zura na biyu. Na ji numfashi a ƙeyata. Da na samu ƙwallo a gaban raga, ni da mai tsaron gida, sai na buga ta can cikin 'yan kallo.

"Kai, ba haka ba! Ba wa na hagu! Na hagun nan shi ne mai gudu, lamba sha ɗaya! Tashi, tashi ka ba ni wuri!"

Kafin in ankara an ture ni daga kujera. Darakta ya naɗe hannun babbar riga, yatsunsa suka hau madannai ba tare da ya ko dube su ba. Ya yanke ɗaya, ya yanke biyu, ya ba lamba sha ɗaya, ya karɓa, ya narka ta a raga. Ya miƙe tsaye ya ɗaga hannu biyu, ya yi wata kururuwa da Fulatanci irin ta kiran garke, hularsa ta faɗo ta gangara har gaban ƙafar Malam. Ranar na fara ganin haƙoransa, ashe har da wushirya.

Ɗaki ya yi tsit, sai ihun 'yan kallo daga cikin na'ura. Malam ya sunkuya ya ɗauki hular, ya kaɗe ta, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "ga wanda bai taɓa ganin abu ba, Allah ya yi maka saurin fahimta."

Ya ninke takardar ajamin nan ya danƙa min a hannu, ya yi addu'a, suka sa takalmansu suka tafi. Ba a rubuta rahoto ba. Amma Baba masinja yana wurin, don haka kafin a tashi aiki labari ya kai har wurin masu shayi. Da Darakta ya ratso baranda zai shiga mota, wani daga nesa ya tambayi ɗan'uwansa da ƙarfi ko shanu nawa aka ƙidaya yau.

Washegari Juma'a da sassafe ya kira ni. Ban ga fushi a fuskarsa ba, ta koma yadda na san ta. Ya ce in ɗauko takardar da ke kan teburina, in ɗauko tsohuwar tafiretata daga saman kabad. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai wasan ya gyaru." Ya ce, "Ya gyaru. Sa sunanka." Na zura takardar, na daidaita ta a kan ɗigo na farko, na fara bugawa. Harafin ƙarshe na sunan mahaifina ya sauka daidai kan ɗigo na ƙarshe, ba ragi ba ƙari. Sai a lokacin na tuna ɗigo huɗun da ya ce in ƙara. Ni da nake tausaya wa mai kula da sito, ashe tun ranar da na fara murɗa masa mukulli aka auna ni.

Shekara uku na yi a Miga. Ba wanda ya taɓa ce min Injiniya a can, Malam mai tafireta suke ce min, kuma na fi jin daɗin barci da wannan sunan. Da farko na yi ta cizon yatsa, ina cewa da na saurari mutumin Kano, da na kalli farkon wasan sau ɗaya kafin in je in ƙame, da ban bar esi ba. Daga baya na gane ko ba wannan ranar ba takardar tawa ce, jiran dalili kawai take yi. Abin da ya rage min daga ɗakin nan mai kafet shi ne takardar Malam, tana nan cikin akwatina har yau, ta yi ja don tsufa.

Daga baya na koyi gyaran kwamfuta na gaske, har na ci abinci da shi. Duk wanda ya zo koyo wurina, kafin in bar shi ya taɓa sukurdireba sai na ba shi biro da takarda, na ce abu ɗaya za ka taɓa, ka duba, ka rubuta. Sannan in sa shi ya faɗi "ban sani ba" da ƙarfi har sai bakinsa ya saba, domin ni sai da na tuɓe mutum ashirin da biyu a gaban dattawa kafin kalmar ta fito daga bakina. Kuma in babba ya ce ku buga masa takarda ku bar wurin suna fili, ku tsaya ku ƙirga ɗigon tukuna.